Gwanayen da ke Bayan Kantar Littattafai

A babban laburare, littafin da aka ajiye ba a mazauninsa ba ɓatacce ne. Yana nan cikin ginin, ba wanda ya sace shi, gara ba ta taɓa shi ba, amma sai ya shekara goma ba a ɗora masa hannu ba, alhali kullum akwai mai nemansa. Duk wanda ya taɓa shiga Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya ga kanta bayan kanta, hawa bisa hawa, ya san abin da nake nufi. Dubban ɗaruruwan littattafai ne jibge a wurin. Duk da haka ɗalibin da ya shigo jami'a jiya-jiya, riƙe da 'yar takarda mai haruffa biyu da 'yan lambobi, zai miƙe kai tsaye ya zaro guda ɗayan da yake so kafin shayinsa ya huce. Wannan sauƙin wasu mutane ne suka samar da shi da guminsu, kuma yawancinmu mun gama jami'a ba mu san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da jama'a suka sani game da ma'aikacin laburare bai wuce mai buga hatimi ba, da mai cewa a yi shiru, da mai duba jaka a bakin ƙofa. Akwai su, kuma ba a raina aikinsu. Sai dai zuciyar aikin tana can ɗakin baya, inda ba a barin ɗalibi ya leƙa.

Kafin littafi ya iso ma, wani ya zauna ya zaɓe shi: ya tuntuɓi malaman sashe, ya duba manhaja, ya auna ɗan kuɗin da ke hannu, wanda a yau mafi yawansa daga asusun TETFund yake fitowa. In kwali ya iso, sai a buɗe kowane littafi a bi shi shafi-shafi, don maɗaba'a takan tsallake shafuka ko ta ɗinka wasu a kife. Daga nan a shigar da shi rajista, a ba shi lambar shiga wadda ba za a ƙara ba wani littafi ba har abada, ko da shi ya lalace. A buga masa hatimi a gaba da gefe, a kuma buga a wani shafi na ciki wanda ma'aikata kaɗai suka san lambarsa, saboda in ɓarawo ya yage shafin farko, shaidar gidan tana nan a ɓoye. Duk wannan share fage ne. Gwanintar tana farawa ne sa'ad da littafin ya sauka a teburin mai katalog.

Aikinsa kashi biyu ne. Na farko ya siffanta littafin yadda ba za a rikita shi da wani ba: wa ya rubuta, mene ne sunansa, bugu na nawa, a wane gari, wace shekara, shafi nawa. Na biyu ya yanka masa mazauni. A nan akwai manyan tsare-tsare biyu da duniya ta sani. Ɗaya na Melvil Dewey ne, wanda ya fito a 1876, mai amfani da lambobi zalla. A cikinsa tarihin Nijeriya yana 966.9, Musulunci kuwa 297. Ɗayan na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ne, mai haɗa haruffa da lambobi, kuma shi mafi yawan jami'o'in Nijeriya suke bi. A wannan tsarin tarihin Nijeriya yana DT515, harshen Hausa da adabinsa suna tsakanin PL8231 da PL8234: nahawu a gefe, ƙamus kusa da shi, sannan littattafan adabi. Abin kamar kasuwar Kurmi ne, inda 'yan turare ke da layinsu, 'yan fata da nasu. In ka je neman rumfa ɗaya, za ka ga maƙwabtanta da ba ka san da su ba. Ɗalibai da yawa a haka suka gamu da littafin da ya canza musu bincike, yana jingine da wanda suka je ɗauka.

To amma littafi ba ya zuwa da lambarsa a goshi. A ce an kawo littafi a kan zakka da rage talauci a Kano. Ina mazauninsa? Musulunci yana BP, fiƙihu da shari'a suna KBP, tattalin arzikin ƙasashe yana HC, tarihin Kano yana ƙarƙashin DT515. Littafin jiki ɗaya gare shi, wuri ɗaya kaɗai zai zauna. Mai katalog ba zai yarda da sunan da ke bango ba, don suna yakan yi ruɗi. Zai karanta gabatarwa, ya bi jerin babi-babi, ya leƙa manazarta, ya tambayi kansa: wa zai zo neman wannan littafin, daga wane sashe? In ya yanke hukunci, sauran fuskokin littafin ba a zubar da su. Sai ya buɗe musu ƙofofi ta hanyar kanun maudu'i, yadda mai neman zakka da mai neman talauci da mai neman Kano duk za su faɗo kan lamba ɗaya. A zamanin kati, littafi guda sai a buga masa kati huɗu ko biyar a tafireta, kowane kati mai faɗin santimita 12.5 da tsayin 7.5, da huda a ƙasa inda sandar ƙarfe ke ratsawa don kada wani ya zare shi daga durowa. Yanzu kwamfuta ta ɗauke bugun, amma hukuncin yana nan a kan mutum.

Kada a manta kuma, waɗannan tsare-tsaren an yi su ne a Amurka, don littattafan da ke gabansu. Harsunan Afirka baƙar fata kusan gaba ɗaya an cusa su ne a wani ɗan lungu na PL, alhali adabin Ingilishi shi kaɗai yana da fili mai faɗi. Saboda haka mai katalog a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri kullum cikin dabara yake, yana neman yadda zai shigar da waƙar baka da tatsuniya da wasan kwaikwayo da rubutun zube cikin ɗan wurin da aka bar masa, ba tare da sun cakuɗe ba.

Sai maganar suna, wadda a ganina nan ne ake bambanta gwani da ɗan koyo. Ƙa'idar katalog ta ginu a kan sunan iyali irin na Turawa, mu kuwa ba haka sunayenmu suke ba. Sa'adu Zungur, Aminu Kano, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Shagari: kalmomin ƙarshe duk sunayen garuruwa ne. Wani da sunan mahaifi yake amfani, wani da laƙabi, wani da sarauta, wata marubuciya kuma ta fara da sunan mahaifinta, bayan aure ta koma na miji. Dubi Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817. Balarabe ya rubuta sunansa iri ɗaya, Bature iri uku ko huɗu, Bafaranshe nasa daban, Bahaushe da Bafulatani nasu daban. In aka bi kowane littafi da yadda ya rubuta, ayyukan mutum ɗaya za su watse wuri bakwai, ɗalibi ya ga biyu ya ɗauka su ke nan. Mai katalog sai ya zaɓi siga ɗaya ya tsaya a kanta, ya haɗa ta da shekarun haihuwa da rasuwa, sannan ya kafa alama a kan duk sauran sigogin mai nuna inda za a je. Haka zai yi wa Abdullahi na Gwandu, da Muhammadu Bello, da Nana Asma'u. Kuma dole ya iya raba Muhammadu Bello Sarkin Musulmi da wasu Muhammadu Bello goma da suka yi rubutu a bayansa. Wannan sai wanda ya san tarihi da nasaba.

Littattafanmu na Hausa na zamani ma suna da nasu ciwon kai. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta a Kano da kewaye suka riƙa buga ƙagaggun labarai da kuɗin aljihunsu, da yawa babu shekarar bugu, babu sunan maɗaba'a, babu lambar ISBN, littafi na ɗaya ya fito bana, na uku sai baɗi da bango daban. Doka ta ce mai buga littafi ya kai kwafi uku Laburaren Ƙasa, amma ba kowa ya kai ba. Irin waɗannan ba sa zuwa laburare da ƙafarsu; sai ma'aikaci ya shiga kasuwa ya tsinto su, ya ƙiyasta shekararsu daga tallan da ke bayan bango ko farashin da aka buga. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun fitar da jerin irin waɗannan littattafai na 1987 zuwa 2002 a shekarar 2004, daga tarin da aka yi a Landan. Aiki ne mai kyau, amma ya kamata ya zaburar da mu, don bai dace jikokinmu su nemi biza kafin su karanta abin da aka rubuta a Fagge ba.

Inda na fi jinjina wa mutanen nan shi ne wajen rubutun hannu. Littafin bugu ko ba komai yana da bango da shafin suna. Rubutun malamanmu na da kuwa waraka ne a sake, ba a ɗinke ba, an haɗa su cikin tadarishi an zura a gafaka. Sau da yawa abin da ke isowa laburare ɗauri ne guda daga gidan wani malami da ya rasu, littafi biyar sun cakuɗe da wasiƙu da fatawa da laƙani, farkon wani ya ɓata, ƙarshen wani ruwa ya ci.

Ga yadda gwani yake yi. Zai wanke hannu ya shanya, ya shimfiɗa takardun a tebur mai tsabta, ya kawar da biro ya ɗauki fensir. Ba lambar shafi a jikinsu, don haka sai ya bi 'yar kalmar nan da marubuta ke sa wa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Da ita zai jera warakar ɗaya bayan ɗaya har littafi ya tashi. Sunan mawallafi da na littafin yawanci suna cikin layukan farko, bayan bisimilla da salati. In farkon ya ɓata, sai ya koma ƙarshe, inda mai kwafa kan ambaci sunansa da na wanda ya yi wa aikin. A nan ɗan koyo kan yi tuntuɓe, ya ɗauki mai kwafa a matsayin mawallafi. Sau da yawa za a faɗi rana da wata, a ce an gama ranar Laraba bayan azahar, amma babu shekara. In waƙa ce ta ajami, mai yiwuwa shekarar tana cikin ramzi a baitocin ƙarshe, wato an ɓoye ta cikin haruffa. Nan ma akwai tarko. Lissafin haruffa na Magrib, wanda malamanmu suka bi, ya saɓa da na Gabas: a wurinmu harafin shin 1000 ne, a Gabas kuwa 300. Shi ya sa ramzin zamanin jihadi kan fara da shin da ra, wato 1200 na Hijira. Wanda ya yi lissafi da ƙa'idar Masar zai mayar da waƙar Sakkwato baya da ɗaruruwan shekaru.

In duk wannan bai ba da amsa ba, sai ya ɗaga takardar ya haska ta. A cikin jikin takardun da aka fi amfani da su a ƙasar Hausa da Barno a ƙarni na 19 akwai tambarin masana'anta, sananne a ciki shi ne mai jinjirin wata uku, wanda ake yi a arewacin Italiya, ya biyo ta Tarabulus da Masar ya ratso Sahara a bayan raƙuma. Wasu suna ɗauke da sunan gidan Galvani. Daga tambarin, da irin tawadar, da salon hannun, ko na Barno ne ko na Kano, gwani zai ce wannan kwafin bai wuce zamani kaza ba. Kuma dole ya gane harshen: haruffan Larabci ne duka, amma wannan Larabci ne, wancan Hausa, wancan Fulatanci, wani Barbarci ko Nufanci. Mutum ɗaya ke nan yake aikin malamin zaure da na masanin tarihi da na mai bin sawu.

Wannan aikin yana da tarihi, kuma ya haifar da abin da ake gani. John Harris, mutumin Niyu Zilan, shi ya kafa laburaren Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948. Mataimakinsa W. E. N. Kensdale ya zagaya Arewa a shekarun 1950 yana tattara rubuce-rubucen Larabci, ya fitar da katalog ɗinsu tsakanin 1955 da 1958, ya kuma wallafa jerin ayyukan Shehu da Abdullahi da Bello. Malaman zaure sun san littattafan nan tun fil azal, amma jami'o'in zamani ba su san yawansu ba sai da aka jera su a takarda. A 1964 aka kafa Cibiyar Adana Rubutun Larabci a Ibadan ƙarƙashin John Hunwick, a Zariya kuma aka fara shirin binciken tarihin Arewa, inda Murray Last ya yi aikin tattara kwafe-kwafe. Littafinsa a kan Daular Sakkwato ya fito a 1967. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 ƙarƙashin Abdullahi Smith, ya ɗora a kai, haka Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo. A Yamai, tarin da Boubou Hama ya fara yana nan a cibiyar binciken Jami'ar Abdou Moumouni, dubban rubuce-rubuce na Larabci da ajami. Babban kundin da Hunwick ya fitar a 1995 a kan marubutan wannan yanki namu, a kan irin waɗannan katalog ya tsaya. Duk kundin digirin da aka rubuta a kan jihadi tun daga lokacin, akwai hannun wani ma'aikacin laburare a ƙarƙashinsa, ko an ambace shi a shafin godiya ko ba a ambata ba.

A fito daga ɗakin baya a zo teburin tambaya. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa, amma fa sai ya sami wanda ya iya sauraro. Ɗalibi ba kasafai yake tambayar abin da yake nema ba. Yakan tambayi abin da yake zaton akwai. A ce ɗaliba ta zo ta ce, "Malam, don Allah ina neman littafin noma." Wanda bai ƙware ba zai nuna mata layin S ya koma kujerarsa. Gwani kuwa zai ce, "To, 'yata, noman me?" Ta ce dawa. "Shukarta, ko cutarta, ko kasuwarta?" Ta ce wani ciyayi ne da ke kashe musu dawa a ƙauye, shi take son yin furojet a kai. "Wuta-wuta ke nan, mai jan fure?" Ta ce shi ne. Sai ya rubuta mata sunan da masana kimiyya ke kiransa da shi, Striga, don da shi aka shigar da shi katalog. Ya gaya mata cewa sabon bincike a mujallu yake, ba a littafi ba. Ya tura ta ga rahotannin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Ya nuna mata yadda za ta shiga rumbun AGORA, wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe a 2003 don ƙasashe irin namu. Tambaya uku ya yi mata, ya rage mata wahalar wata guda. Kuma bai sa ta ji kunyar rashin sani ba, wanda shi ne abin da zai sa ta dawo gobe.

Akwai kuma yaƙin da ba ya ƙarewa. Hunturu yana busar da takarda har ta riƙa karyewa, ƙura tana shiga ko'ina, damina ta kawo danshi da fumfuna, gara na binne tana jiran a yi sake, ga kyankyaso da ɓera. Ƙananan ma'aikata su ne dakarun wannan fagen. Da sassafe, kafin a buɗe ƙofa, za ka same su suna bin kanta da yatsa, lamba bayan lamba, suna zaƙulo littafin da wani ɗalibi ya ɓoye a layin da ba nasa ba don kada abokansa su samu kafin jarrabawa. A sashen ɗinki kuma ana farke littafin da ya yage a sake masa bango, ana haɗa jaridun wata-wata a ɗaure. Da ba don haka ba, da ina za a ga Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939? Gobarar da ta cinye laburaren Jami'ar Jos a Naraguta cikin Oktoban 2016 ta nuna yadda tarin shekaru ke tafiya a dare ɗaya.

Ma'aikatan laburare sun ga shekarun wuya. Bayan 1986, da darajar naira ta faɗi, jami'o'i suka kasa biyan kuɗin mujallun waje, kantoci suka tsaya cak. Da musaya da kyauta da gyaran tsofaffi aka riƙe gidan. Da kwamfuta ta zo, su ɗin dai suka zauna suka juye katunan shekara arba'in ɗaya bayan ɗaya zuwa manhajoji irin su Koha, ana yi wuta na ɗaukewa, suka kuma fara ɗora kundayen digiri a intanet. Masu cewa waya ta kashe laburare ba su lura ba cewa takardar da suka sauke a wayar, wani ne ya siffanta ta, ya sa mata kanun maudu'i, har injin nema ya iya ganinta.

Sana'a ce mai karatu da digiri. An fara koyar da ita a Ibadan a 1960, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe nata sashen a 1968, Ƙungiyar Laburarorin Nijeriya ta kafu a 1962, dokar 1995 kuma ta samar da hukumar yi wa masu sana'ar rajista. Mace ta farko da ta zama farfesa a Nijeriya, Adetoun Ogunsheye, a 1973, a wannan fannin ta zama. Shugaban laburare yana cikin manyan jami'an jami'a, sahu ɗaya da magatakarda da ma'aji, ƙwararrun ma'aikatansa kuma malaman jami'a ne da ake buƙatar su yi bincike su wallafa kafin a ƙara musu girma.

Abin da ke damuna shi ne masu iya karanta warakar nan suna tsufa, suna ritaya, kuma ba a cika samun matashin da ya haɗa karatun allo da na zaure da digirin laburare ba. Alhali muna da su a tsangayu da makarantun ilimi, sai dai ba a neme su ba. Ina kira ga shugabannin jami'o'inmu da su ɗauki irin waɗannan matasa, su tura su karatun laburare, su zaunar da su kusa da dattawan tun suna nan. Marubuci kuma, in ka buga littafi, sa masa shekara, ka kai kwafi laburaren jami'ar da ke kusa da kai. Wanda kuma ya gaji gafakar kakansa tana ajiye a soro, ba sai ya rabu da ita ba: ya kai a ɗauki hotonta a shigar da ita katalog, a dawo masa da abinsa.